Wata 14 tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko

Na kama aikin gwamnatin tarayya a watan Satumba na 1988, saboda haka tun da daɗewa na san cewa a Satumbar 2023 zan ajiye aiki, domin ƙa'ida ita ce ma'aikaci ya sauka idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Sanin ranar bai hana ni rikicewa ba da ta ƙarato. Abokan aikin da suka riga ni sauka kowa da bayanin da yake bayarwa, wani ya ce a fara da kamfanin fansho, wani ya ce a fara da sashen mulki na ma'aikata, kuma a cikinsu babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini yadda gida yake kasancewa a watannin da albashi ya tsaya, fansho kuma bai fara ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na bi daki-daki, da abin da na tarar a gidana a lokacin jiran, ko wanda ke tafe a bayana zai samu sauƙi.

Aikin takardu ya fara ne shekara guda kafin saukata, a 2022, lokacin da jami'in fansho na ma'aikatarmu ya liƙa sanarwa cewa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe rajistar waɗanda za su yi ritaya a shekara mai zuwa. Yana da kyau mutum ya fahimci tsarin kafin ya shiga, domin ni sai daga baya na gane shi sosai. Dokar fansho ta 2004 ce ta kawo tsarin da ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suke zuba kuɗi kowane wata a wani asusu mai sunan ma'aikacin, wanda kamfanin kula da fansho ke juyawa, sannan dokar 2014 ta mayar da kason zuwa 8 cikin 100 daga ma'aikaci, 10 cikin 100 daga mai aiki. Mu da muka fara aiki kafin 2004 muna da haƙƙi iri biyu: abin da aka tara a asusu tun daga lokacin, da kuma haƙƙin shekarun baya, wanda gwamnati ce ke lissafa shi ta zuba a asusun bayan mutum ya sauka. A lokacin da na sauka, ba a fara biyan mutum sai wannan na biyun ya shiga, kuma nan ne asalin jiran yake.

Matakin farko shi ne sabunta bayanai a ofishin kamfanin fanshona da ke Kaduna. Na je da lambar asusuna, da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, da katin shaidar aiki, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna. A nan aka gano cewa sunan mahaifina a fayil ɗin da aka buɗe mini a 1988 ya sha bamban da na katin ɗan ƙasa da harafi biyu kacal. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce, "Baba, wannan in ba a gyara yanzu ba, shi zai riƙe ku a ƙarshe." Na ji nauyin maganar, amma na gode mata, domin gaskiya ta faɗa. Na je kotu na yi takardar rantsuwa, na kai ta sashen mulki aka sa a fayil, aka ba ni wasiƙar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne mai sunayen biyu. Wannan gyaran kaɗai ya ci mako uku, mafi yawansa jiran sa hannun jami'in da ya yi tafiya. Bayan nan aka cika mini fom ta intanet, aka ɗora takardun da ake nema: takardar ɗaukar aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe da wadda nake kai a tsakiyar 2004, takardun albashi, tarihin aiki mai hatimin ma'aikata, shaidar shekarun haihuwa, da wasiƙar gabatarwa daga ma'aikata. Daga nan na koma kamfanin fansho da ainihin takardun domin a gwada su da waɗanda aka ɗora, aka ba ni takardar shaidar rajista. Rajistar kanta ba a biyan ko kwabo. Abin da na kashe a hotuna, kwafin takardu, rantsuwar kotu da kuɗin mota bai kai naira 15,000 ba a lokacin. Takardar da ta fi wahalar da ni ita ce ta ƙarin girman 2004, wadda na neme ta kwana huɗu kafin maiɗakina ta zaro ta daga cikin wata tsohuwar jakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta.

A watan Yuni na 2023 na miƙa takardar sanarwar ajiye aiki, wata uku kafin ranar, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Sai aka ba ni takardar zagaye, wadda zan kai sashen kuɗi, da sito, da ƙungiyar adashen ma'aikata, kowa ya sa hannu cewa ba ya bi na komai. A daidai wannan lokacin ne ƙasa ta shiga wani hali, domin a ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen Yuli kuma ta haura 600. Duk lissafin da na yi na abin da zai riƙe mu shekara guda ya rushe a cikin wata biyu. Na tuna ranar da na mayar da makullin ofis da katin shaida, na kwashe kayana daga ɗakin da na yi shekaru ina haya a Kaduna, na kama hanyar Zariya, inda gidana yake, da katifa a bayan mota. Ban yi magana da kowa ba a hanya, kuma abin da ke yawo a raina shi ne kuɗin makarantar autarmu da buhun shinkafa.

Albashin Satumba ya shiga, na Oktoba bai shiga ba, kuma duk da na san haka za a yi, sai da na duba waya sau da yawa a ƙarshen watan. A daren nan ne maiɗakina ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar Isha'i, ta ce, "Malam, zo mu yi lissafi tun muna da abin lissafawa." Muka ɗauko littafi, muka rubuta abin da ke hannu da abin da ke fita. Na yi mamakin ganin inda kuɗi ke zurarewa: man janareto, ruwan leda, burodi da madarar gwangwani kowace safiya, kuɗin tashoshin talabijin da ba mai kallon rabinsu, da man motar da yawanci zirga-zirgar da ƙafa za ta iya yi ake yi da ita. Ta ce daidai ruwa daidai tsaki, muka amince a sayar da motar, a rufe janareto, a sayi hatsi da kaka tun yana da araha. Sayar da motar ya yi mini zafi fiye da yadda na zata, domin na ji kamar unguwa za ta karanta halin da nake ciki a bakin ƙofata. Kuɗinta ne ya biya makarantar autar ta shekara, ya sayo mana gero, dawa, masara da wake daga kasuwar Giwa a watan Nuwamba. Waken muka zuba a jarkoki muka toshe bakinsu tam, domin idan iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa a ciki, kuma har damina bai yi huji ba.

A tsakanin nan na bi kuɗin asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, kuma ana mayar wa ma'aikaci abin da ya tara idan ya sauka bai ci bashin gida ba. Mutane da yawa suna mantawa da shi. Ana cika fom ne ta hannun ma'aikata, a haɗa da takardar ritaya da bayanin asusun banki, ma'aikata ta tura wa bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Nawa ya fito bayan 'yan watanni, ba shi da yawa, amma da shi na sayi ƙaramar sola da batir, wadda ke riƙe ƙwan fitila huɗu, fanka ɗaya da cajin waya.

Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne zan tarar da gidana baƙo a gare ni. Shekara kusan 30 ina fita da asubar Litinin in dawo da yammacin Juma'a, don haka ban san yadda safiyar Talata take a gidan da na gina da gumina ba. Ban san cewa rana tana faɗowa kan dakalin ƙofar ɗakina da misalin ƙarfe takwas a lokacin hunturu ba, ta yi ɗumi daidai yadda tsoho yake so, ta bar wurin kafin ta yi zafi. Ban san cewa akwai wasu kurciyoyi biyu da ke sauka bakin rijiya kullum a lokaci ɗaya ba. Da aka daina sayen burodi, maiɗakina ta koma yin koko da kanta, ni kuma na samu kaina ina zaune ina kallon aikin da na sha cin moriyarsa ban taɓa ganinsa ba. Takan jiƙa gero tun dare, da safe ta wanke shi ta rege tsakuwa, a kai niƙa tare da citta, kanumfari da ɗan barkono, ta tace da ƙyalle mai laushi, ta bar gasarar ta kwanta, ruwan tsami ya taso sama. Idan ta zuba tafasasshen ruwa a kan ƙullun tana juyawa da ludayi, akwai wani lokaci da farin yake rikiɗa ya yi kauri ya yi sheƙi, ƙamshin citta ya cika tsakar gida. Na sha shayi a manyan otal a lokacin tarurrukan aiki, amma ban tuna wanda na zauna na ji daɗinsa kamar kokon nan da ƙosai uku a kan dakali, ina jin muryar yara masu wucewa makarantar allo ba.

Lambun bayan gida shi ne aikin da na ɗauka da hannuna. Filin bai fi taku shida a tsaye, huɗu a kwance ba, kuma da can tarkace ake jibgewa a wurin. Na kwashe, na samo takin awaki daga maƙwabci, na dasa rassan zogale guda biyar a jikin katanga, na cika tsofaffin buhuna da ƙasa na shuka alayyahu, yakuwa, rama da albasa mai lawashi. Ruwan alwala da na wanke hatsi ba a zubarwa, a bokiti ake tarawa a kai musu. Zogale itace ne mai haƙuri, reshen da aka soke a ƙasa kamar sanda sai ga shi ya fitar da tofo cikin 'yan makonni, kuma da zarar ka sare kansa sai ya yi rassa ya ƙara ganye. Ranar da aka fara yin kwaɗo da zogalen gidan, aka dafa ganyen aka matse, aka daka ƙuli-ƙuli, aka yanka albasa da tumatur, aka ɗiga man gyaɗa, ni da kaina na ɗauki kwano na kai wa maƙwabcin da ya ba ni takin. Na daɗe ban ba wani abin da ya fito daga hannuna kai tsaye ba, ba ta hanyar kuɗi ba, kuma na dawo gida ina jin wani sanyi a zuciya da ban san na rasa shi ba.

Duk ƙarshen wata biyu nakan hau motar haya zuwa Kaduna in leƙa kamfanin fansho. Amsar ɗaya ce: takarduna sun cika, ana jiran kuɗin shekarun baya su shigo, kuma ana biya ne rukuni-rukuni bisa watan da mutum ya sauka. A zuwa na uku wani ma'aikacinsu ya ce, "Alhaji, ku daina wahalar da kanku da kuɗin mota, da zarar sun shigo za ku ga saƙo a waya." Na bi shawararsa, kuma ina ba wa kowa ita, domin zaryar ba ta matso da layin kowa, sai dai ta cinye abin cefane. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na dawo daga waɗannan tafiye-tafiye raina a jagule, musamman idan na haɗu da abokan da rashin lafiya ta kama su a cikin jiran, ba su da gidan kansu, ba su da hatsi a ɗaki. Jin daɗin da nake bayar da labarinsa bai share wannan ba, kuma na san cewa ni na shiga jiran da rufin asirin da wasu ba su da shi.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, cikin zafin da manya suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Firij ba ya aiki sai an kawo wuta, ƙanƙara kuma ta yi tsada, sai muka sayi randa biyu daga wajen masu ginin tukwane. Maiɗakina ta sa aka zuba yashi a wani lungu mai inuwa, aka jiƙa shi, aka girke randunan a kai, aka rufe bakinsu da faifai. Jikin randa yana tsatsafar da ruwa kaɗan-kaɗan, iska tana busar da shi, wannan bushewar ce ke janye zafin da ke ciki, shi ya sa a lokacin bazara da iska ta bushe ruwanta ya fi sanyi. Sanyin ba ya kama haƙori kamar na ƙanƙara, kuma yana da ƙamshin ƙasa wanda ya mayar da ni gidan kakata. Da shi muka yi buɗa-baki wata guda, da dabino, da kunun tsamiya, da zoɓon da aka dafa a gida. Da daddare mukan fito da katifu tsakar gida mu ɗaura gidan sauro. Da babu ƙarar janareto, sai hira ta dawo. Jikokina da suka zo hutun Sallah sun taru a kan kakarsu, ta ce musu ga ta nan ga ta nanku, suka amsa ta zo mu ji ta, ni kuma ina gefe da ƙaramar rediyona na rage mata murya, domin na gane cewa na manta ƙarshen tatsuniyar kuma ina son ji.

Babbar Sallah ce na fi jin tsoro, domin tun da na yi aure ban taɓa rasa layya ba. Amma tun da kaka maiɗakina ta sayi ɗan rago da kuɗin adashenta, muka riƙa ba shi harawar wake, dusar niƙa da ganyen lambun da ya tsufa. Ni nake yi masa wanka, ni nake share turkensa, kuma a watan Yuni shi muka yanka. Da damina ta sauka na shuka masara layi uku da kuɓewa a gefen zogalen, kuma mun gasa masarar a kan gawayi a zaure ana ruwan sama, ni da abokai biyu da muka yi firamare tare, waɗanda shekara da shekaru gaisuwar hanya ce kawai ke haɗa mu.

Saƙon ya shigo wayata a watan Nuwamba na 2024, wata 14 bayan albashin ƙarshe. Na koma kamfanin fansho da takardar ritaya, takardar shaidar rajista, takardun albashin watanni ukun ƙarshe, hotuna da shaidar asusun banki. Aka zaunar da ni aka yi mini bayanin zaɓi biyu. Na farko, kuɗin su zauna a wurin kamfanin yana juya su yana biya na wata-wata, idan na rasu abin da ya rage na magada ne. Na biyu, a miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biya na har ƙarshen rayuwa. A duka biyun ana iya karɓar wani kaso a dunƙule, kuma yawansa ya danganta da shekarun mutum, albashinsa na ƙarshe da abin da ke asusun, sannan duk abin da aka ƙara a dunƙulen yana rage na wata-wata. Na nemi a buga mini lissafin a takarda, na kai gida muka kwana biyu muna dubawa kafin na sa hannu. Kada kowa ya sa hannu a ranar da aka yi masa bayani, domin mutumin da ya yi shekara yana jira idonsa kan babban adadin yake tafiya. Na zaɓi na farko, na karɓi dunƙule mafi ƙaranci, abin da da a shekarar da ta gabata ne ba zan yi ba. Wata 14 sun nuna mini ainihin abin da gidana yake ci, kuma ya yi ƙasa sosai da abin da nake zato. Bayan amincewar hukuma, wadda ta ɗauki 'yan makonni, kuɗin suka shiga tare da bashin watannin baya.

Ga mai shirin sauka, abin da zan ce shi ne ya fara tattara takardunsa shekara biyu kafin lokaci, ya gwada sunansa da ranar haihuwarsa a fayil, a katin ɗan ƙasa da a banki, harafi da harafi, ya yi kwafin komai sau uku ya ajiye ɗaya a wajen iyalinsa. Ya ɗauka cewa zai yi aƙalla shekara babu shigar kuɗi, ya biya bashin da zai iya tun albashi na zuwa, ya sayi hatsi da kaka. Ya zauna da matarsa su yi lissafin gaskiya tun kafin wata na farko ya kama su, domin ita ta fi shi sanin inda ɗakin yake yoyo. Sannan ya fara gwada zaman gida tun yana aiki, ya shuka wani abu ko a buhu ne, ya koyi cin abin da aka sarrafa a tsakar gidansa, domin wanda ya fara waɗannan bisa tilas yakan ɗauke su a matsayin faɗuwa, alhali da yawansu abubuwan da iyayenmu suka rayu a kansu ne cikin mutunci.

Da kuɗin suka shigo, babban ɗana ya ce, "Baba, a gyara janareton nan, a nemo muku wata motar ko ƙarama ce." Na ce a bar motar tukuna. Abin da muka yi shi ne gyara rufin ɗakin girki da ke yoyo, ƙara batir ɗaya a solar, da sayen injin markaɗe na hannu domin maiɗakina ta huta da aiken yara. Janareton yana nan a sito a rufe da buhu. Randa ɗaya ta tsage da hunturun bana, na sayo wata, kuma makon jiya na sare kan zogalen domin ya yi sabon tofo kafin ruwa ya sauka.